Daga Zaure Zuwa Majami'a: Rayuwar Ƙaramar Ikkilisiyar Baftis a Gefen Kaduna

Duk wanda ya bi hanyar Kachia daga Sabon Tasha ya nufi Maraban Rido, ko ya ɗauki hanyar Abuja ya wuce Gonin Gora, ba zai rasa ganin ƙananan allunan da aka kakkafa a bakin lunguna ba, waɗansu rana ta cinye fentinsu, kowanne ɗauke da suna irin su Alheri, Nasara, Albarka, Bege, Haske ko Salama, sannan kalmar Baftis ta biyo baya. Idan mutum ya bi kibiyar da ke jikin allon, yawanci abin da zai tarar shi ne gini mai ɗaki ɗaya wanda ba a gama yi masa shafe ba, da bencuna, da ganguna biyu a kusurwa, da tulin bulo a waje yana jiran ranar da kuɗi za su samu. Na yi shekaru ina riƙe da littafin taro na ɗaya daga cikin irin waɗannan ikkilisiyoyi a matsayin magatakarda, kuma abin da na gani a cikin wannan littafi ne ya nuna mini cewa yawancinmu, idan muna zancen girman ikkilisiya, muna duban wurin da bai kamata ba. Mukan ƙirga kawuna ranar Lahadi, mu auna tsawon gini, alhali kuwa abin da yake raya ƙaramar ikkilisiyar Baftis, wanda kuma shi ne yake iya kashe ta, yana cikin tsarin mulkinta, wato yadda aka damƙa iko duka a hannun membobi.

Mai karatun da bai saba da ɗarikun Kirista ba yana bukatar ya san cewa Baftis ba su da bishop. A ɗarikar Katolika ko ta Angilikan, daga sama ake turo limami, daga sama kuma ake ɗauke shi idan lokaci ya yi. Baftis kuwa tun farkonsu, lokacin da waɗansu Turawan Ingila da suka gudu zuwa Amsterdam a ƙarƙashin John Smyth da Thomas Helwys suka kafa taronsu a 1609, sun tsaya ne a kan abubuwa biyu. Na farko, ba a yi wa jariri baftisma, sai wanda ya yi hankali ya furta bangaskiyarsa da bakinsa. Na biyun kuma daga na farkon ya fito: tunda kowane memba ya shigo ne da saninsa da yardarsa, to taron waɗannan membobi shi ne hukuma mafi girma a ikkilisiya. Su ne za su kira fasto, su ne za su yanka masa albashi, su ne za su karɓi sabon memba ko su sa mai laifi a ƙarƙashin horo, kuma idan zama ya ƙi daɗi, su ne za su sallami faston. Akwai matakai a sama, wato asosiyeshan da ke haɗa ikkilisiyoyin yanki ɗaya, da konfarens, da babban konbenshan na ƙasa mai hedikwata a Ibadan, amma a ƙa'ida aikin waɗannan shawara ne da haɗin kai, ba su da ikon tilasta wa ikkilisiya abin da taronta ya ƙi.

Wannan ɗabi'a ta cin gashin kai ta bayyana da wuri a Nijeriya. Thomas Jefferson Bowen, ɗan mishan daga Baftis na kudancin ƙasar Amurka, ya sauka a Badagiri a 1850 da niyyar kutsawa cikin ƙasa, amma da ya kai Ilorin aka hana shi zama, sai aikin ya kafu a ƙasar Yarbawa, musamman Ogbomosho, inda daga baya aka buɗe makarantar horar da fastoci a 1898. A 1888 membobin Legas suka saɓa da ɗan mishan ɗin da ke kansu, suka fice suka kafa ikkilisiyarsu mai zaman kanta, kuma sai a 1914 ɓangarorin suka haɗu a Ibadan suka kafa ƙungiya ɗaya ƙarƙashin shugabancin Mojola Agbebi, wadda a 1919 ta ɗauki sunan da ya game Nijeriya duka. Zuwan ɗarikar Arewa kuwa bai biyo ta hannun Turawa ba. Gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita aikin 'yan mishan a ƙasashen sarakuna, don haka waɗanda suka kawo ta su ne fataken Yarbawa da akawuna da ma'aikatan jirgin ƙasa, bayan layin dogo ya iso Kano a 1911. A Zungeru da Minna da Kaduna da Zariya da Kano da Jos da Kafanchan, mutane ne suka riƙa taruwa a zauren wani ɗan kasuwa ko a ɗakin wani tela, suna waƙa da Yarbanci, suna tara kwabo da sisi, har suka gina majami'u da guminsu kafin wani fasto ya zo. Daga baya ne aikin ya shiga cikin Gbagyi da Adara da sauran ƙabilun da ke jin Hausa, kuma samuwar Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa tun 1932, tare da makarantar fastoci ta Kawo a Kaduna wadda ta riƙa horar da masu bishara da Hausa, ya sa aka sami ikkilisiyoyi masu irin sunayen da na ambata a sama. Na kawo wannan tarihi ne domin har gobe ta wannan hanya ƙaramar ikkilisiya take tsirowa: membobi ne suke riga fasto zuwa.

Tamu ma haka ta fara. Iyalai ƙalilan ne da suka yi gini a sabuwar unguwa, kuɗin mota zuwa tsohuwar majami'arsu ya yi musu yawa, musamman masu 'ya'ya huɗu ko biyar, sai suka fara addu'ar yamma a falon ɗaya daga cikinsu. Da suka ga abin ya ɗore, suka kai maganar ga ikkilisiyar da suka fito, ita kuma ta amince ta riƙe su a matsayin tashar wa'azi. A wannan mataki tasha ba ta da ikon kanta. Uwar ikkilisiya ce take turo mai wa'azi, sau da yawa ɗalibin makarantar fastoci ko wani dikin (memban da ikkilisiya ta zaɓa ya taimaka wa fasto da hidima), ita take duba baikon da aka tara, wato kuɗin da masu sujada suke bayarwa, kuma sunayen masu zuwa duk suna cikin littafinta. Sai tasha ta nuna cewa tana da isassun membobi masu baftisma, tana da wurin sujada, tana kuma iya ɗaukar nauyin ma'aikacinta, sannan a gayyato wakilan asosiyeshan su zo su bincika, a karanta alkawarin ikkilisiya, a tsayar da ita da ƙafafunta. Ranar murna ce ƙwarai, ana dafa shinkafa, mata suna fitowa da anko. Amma a ganina ita ce rana mafi haɗari a rayuwar ikkilisiya, domin washegari tallafin uwa yakan tsaya, kuma mutanen da ba su taɓa yanke shawara mai nauyi tare ba sukan wayi gari kome yana wuyansu. Na san tashoshin da aka gaggauta tsayar da su don uwar tana son ta sauke nauyi, ko don shugabanninsu suna ɗokin a kira su dikinoni, suka yi shekaru suna jan ciki.

Batun ƙidaya yana da wuyar sha'ani fiye da yadda ake zato. A ikkilisiyar Baftis masu halartar sujada daban, membobi daban. Mutum yana iya shekara goma yana zuwa, yana ba da baiko, yana cikin ƙungiyar mawaƙa, amma idan bai shiga ajin baftisma an nutsar da shi cikin ruwa ba, ko bai kawo takardar ƙaura daga wata ikkilisiyar Baftis ba, ba shi da ƙuri'a a taro. A gefe guda kuma littafi cike yake da sunayen waɗanda suka koma Abuja ko ƙauye tun tuni ba su nemi takarda ba, kuma ba wanda yake son ya zama shi ne ya kawo shawarar a soke sunan ɗan wane. Saboda haka adadin da ake kai wa asosiyeshan a rahoton shekara ba kasafai yake nuna gaskiyar ƙarfin ikkilisiya ba. Idan kuma aka duba ta ina sababbin suke shigowa, za a ga hanyoyi uku ne: 'ya'yan membobi da suka girma suka yi baftisma, waɗanda suka ƙauro daga wani wuri, da waɗanda suka tuba daga waje. Muna yawan yin wa'azi a kan hanya ta uku, amma littafin da na riƙe ya nuna mini cewa ta biyun ce ta fi cika bencuna nesa ba kusa ba.

Dalilin haka yana cikin tarihin garin Kaduna kansa. Rikicin da ya ɓarke a watan Fabrairun 2000 a kan batun shari'a, wanda ya sake tashi a watan Mayu, sannan na Nuwamban 2002 da na bayan zaɓen 2011, sun raba garin gida biyu, kogi ya zama iyaka. Musulmi da yawa suka bar unguwannin kudu suka koma Tudun Wada da Rigasa da makamantansu, Kirista da yawa kuma suka bar arewacin gari suka gangaro Sabon Tasha da Narayi da Romi da Unguwan Boro da Gonin Gora. Ita kanta makarantar fastoci ta Kawo an kai mata hari an ƙone gine-ginenta a rikicin 2000. Tsofaffin majami'u a arewacin gari suka rage mutane, waɗansu aka rufe, yayin da a kudu kowace sabuwar unguwa ta haifi tasharta. Wanda ya dubi alƙaluma kawai zai ce an sami babban ci gaba, amma mu da muke ciki mun san cewa mutanen nan ɗaya ne, wuri kawai suka sauya, kuma sun zo da tabo a zuciya. Abin da ya fi damuna a wannan sauyi shi ne, yaran da suka taso a ikkilisiyarmu bayan 2000 da yawansu ba su taɓa zama gida ɗaya da Musulmi ba, ba su san daɗin tuwon sallah daga maƙwabci ba, kamar yadda takwarorinsu na can ƙetaren kogi ba su san shinkafar Kirsimeti ba. Iyayensu sun san wannan zama, kuma ikkilisiyar da ta girma a cikin unguwar da kowa irinta ne takan manta yadda ake magana da wanda ba nata ba.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce take cin rabin kowane taro. Kuɗin ƙaramar ikkilisiya daga baikon Lahadi suke fitowa, da zakka, wato kashi ɗaya cikin goma da memba yake fitarwa daga abin da ya samu, da bikin godiya na kaka, lokacin da manoma suke kawo masara da doya da kaji a yi gwanjonsu a harabar majami'a. Membobin kuwa malaman makaranta ne, da masu gadi, da 'yan acaɓa, da mata masu sayar da kayan miya, da 'yan fansho, da waɗanda suka rasa aiki tun da masaƙun Kakuri suka durƙushe. Daga wannan ɗan abin ne za a biya fasto, a biya hayar gidansa, a aika kason da aka amince a riƙa bai wa asosiyeshan da konfarens da konbenshan domin ayyukan haɗin gwiwa, a taimaki marar lafiya, a sayi man janareta, a kuma ci gaba da gini. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya nuna yadda abin yake da rauni, domin makonni da dama kwanon baiko yana dawowa kusan wayam, sai da aka rubuta lambar asusun banki a jikin allo. Bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023 kuma, kuɗin siminti da kwanon rufi suka yi tashin gwauron zabo, gine-gine da yawa suka tsaya a daidai lintel.

Akwai wani taro da ba na mantawa da shi, domin a nan na ga tsarin Baftis da idona, da kyansa da nauyinsa. Damina ta kusa, kwamitin gini ya kawo shawarar a kwashe duk abin da ke asusu a sayi kwanon rufi, alhali ana bin ikkilisiya bashin albashin fasto na wata uku. Bisa al'ada, da aka zo maganar da ta shafe shi, fasto ya miƙa kujera ga shugaban dikinoni ya fita waje. Manyan maza suka yi ta magana a kan ruwan sama da abin da mutanen unguwa za su ce idan suka ga majami'a ba rufi, har aka kusa kaɗa ƙuri'a. Sai wata tsohuwa, gwauruwa mai sayar da ƙosai a bakin titi, wadda ban taɓa jin muryarta a taro ba, ta ɗaga hannu. Shugaba ya ce, "Mama, muna jin ki." Ta miƙe da kyar tana dafe da bencin gabanta, ta ce, "Baba dikin, ni ban iya lissafi ba. Amma shekaranjiya Mama fasto ta zo wurina ta karɓi ƙosai bashi don yara su karya kumallo, ta roƙe ni kada in faɗa wa kowa, ga shi na faɗa, Allah ya gafarta mini. Mu da muka yi sujada a ƙarƙashin mangwaro, ruwa bai kashe mu ba." Ta zauna. Ɗakin ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan aka ƙirga hannuwa, aka biya fasto, aka yi wannan damina da tamfol. A tsarin da umarni yake saukowa daga sama, wannan mata ba ta da inda za ta faɗi maganarta har ta juya shawara. Ƙuri'arta daidai take da ta mutumin da ya ba da filin da aka yi ginin.

To amma ƙofar da ta ba tsohuwar nan dama ita ce kuma take ba mai son zuciya dama. Tunda taro ne yake kiran fasto kuma shi yake sallamarsa, fasto a ƙaramar ikkilisiya yana zaune ne a hannun waɗanda yake yi wa wa'azi. Idan iyali biyu ko uku ne suke kawo rabin zakka, da wuya ya tsawata musu ba tare da ya tuna da kuɗin makarantar 'ya'yansa ba. Iyalan da suka kafa ikkilisiya kuma sukan ɗauke ta kamar gadon gidansu, su riƙa cewa "lokacin da muka fara a falo kuna ina", kalmar da ta kori mutane da yawa fiye da yadda aka sani. Wani faston shi ma yakan koyi siyasa, ya tara nasa mutane, ya riƙa kiran taro a ranar da ya san masu adawa da shi ba sa nan. Idan rikici ya yi tsanani, shugabannin asosiyeshan sukan zo sulhu, amma tunda ba su da sandar dukan kowa, ɓangaren da ya sha kaye yakan kwashi bencinsa ya buɗe wata majami'a a layi na gaba. Waɗansu daga cikin allunan da ake gani a bakin hanya haihuwa ce ta lafiya, waɗansu kuwa saki ne, ko da yake a rahoton shekara duka biyun sunansu ɗaya, an dasa sabuwar ikkilisiya.

Harshe ma yana da nasa rabo a wannan ja-in-ja. A bencin ikkilisiyarmu akwai Gbagyi, waɗanda su ne masu ƙasar, da Adara da Bajju da Atyap da Ham, da 'yan tsirarun Yarbawa da Tibi, kuma Hausa ce take haɗa su, da ita ake waƙa, da ita ake addu'a. Yaran da suka yi makarantar kuɗi kuwa Turanci suke so, suna ganin sujadar Hausa ta tsofaffi ce. Mafitar da aka fi bi ita ce a raba sujada biyu, ta Turanci da sassafe, ta Hausa daga baya, kuma wannan yakan ƙara yawan masu zuwa nan da nan. Illarsa ba ta fitowa sai an jima: masu albashi sukan taru a ta Turanci, talakawa da tsofaffi su rage a ta Hausa, a wayi gari ikkilisiya biyu ce a ƙarƙashin rufi ɗaya, ba sa haɗuwa sai ranar taro, inda kowane ɓangare yake zargin ɗayan. Ba sabon abu ba ne. Sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni ta ba da labarin gunagunin da ya tashi a Urushalima tsakanin masu jin Helenanci, wato harshen Girka, da Ibraniyawa a kan rabon abinci ga gwauraye, kuma maganin da manzanni suka kawo shi ne su bar jama'a su zaɓi mutum bakwai da za su riƙe aikin, waɗanda sunayensu duka na Helenanci ne, wato daga ɓangaren da ya yi kuka. Baftis suna ɗaukar wannan sura a matsayin tushen aikin dikin, amma ba kullum muke lura da wannan ɓangare na labarin ba idan muka zo zaɓen namu dikinonin, inda ƙabila mafi yawa takan kwashe kujeru duka.

Idan ana neman inda ƙarfin ƙaramar ikkilisiya yake a ɓoye, to a dubi mata. Ƙungiyar mata ta Baftis a Nijeriya ta kafu tun 1919, kuma a ƙarƙashinta ake renon ƙananan yara da 'yan mata har su kai aure, yayin da samari suke da tasu ƙungiya mai fareti da kaki. A ikkilisiyarmu mata ne suka fi yawa a kowace sujada, su ne suke zuwa addu'ar tsakiyar mako idan maza sun ce aiki ya riƙe su, su ne suke da adashin da yake fitar da memba kunya ranar haihuwa ko rasuwa, kuma su ne suka san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Lokacin kullen korona a 2020, da gwamnatin jiha ta rufe wuraren ibada na watanni, ta hannunsu ne aka san halin da kowa yake ciki. Duk da haka idan aka zo kwamitin kuɗi ko na gini, sai a ga mace ɗaya ko babu. Ina ganin wannan asara ce da muke jawo wa kanmu, domin waɗanda suka fi sanin ikkilisiya su ne aka fi barin su a bayan ɗaki idan ana yanke shawara.

Matasa kuma suna da inda suke kallo. Kaduna gari ne da manyan majami'un Fentikostal suka yi ƙarfi tun shekarun 1980, ga kayan kiɗa na zamani, ga motocin da suke kwasar mutane kyauta ranar Lahadi, ga wa'azin buɗi da nasara. Ƙaramar ikkilisiya mai ganga biyu ba za ta iya wannan gasa ba, kuma waɗanda suka gwada, suka ci bashi suka sayi manyan lasifika, yawanci sun ƙare da bashin da ƙarar kawai. Abin da take da shi wanda babbar majami'a ba ta da shi, shi ne cewa a nan an san sunan mutum. Yaron da ya yi makonni biyu bai zo ba, wani zai taka har gidansu. Na ga matasan da suka tafi suka yi shekaru, amma da mahaifinsu ya rasu, ko da aure ya taso, nan suka dawo, domin nan ne ake da mutanen da za su kwana a gidan makoki su haƙa kabari.

A 'yan shekarun nan wani nauyi ya sauko wanda ya fi duk waɗannan. A ranar 5 ga Yulin 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren Bethel ta Baftis da ke ƙaramar hukumar Chikun suka kwashe ɗalibai 121, aka yi watanni ana sako su kashi-kashi. A ranar 31 ga Oktoban 2021 ɗin kuma suka afka wa majami'ar Baftis ta Emmanuel a Kakau Daji ana cikin sujada, suka tafi da mutum fiye da 60. Ƙauyukan Chikun da Kajuru, inda ɗarikar take da ƙananan ikkilisiyoyi masu yawa, da dama sun watse, kamar yadda ƙauyukan Musulmi a Birnin Gwari da Giwa da Igabi suka sha irin wannan azaba. Ga ikkilisiyar da ke gefen gari, wannan yana nufin abubuwa biyu a lokaci ɗaya. Asusun da aka tara don gini ya koma na karo-karon kuɗin fansa, domin da wuya a sami memban da ba shi da ɗan'uwa a hannun mutanen daji. Sannan bencuna suka cika da waɗanda suka gudo, manoman da ba su da gona yanzu, fastocin da ba su da garke, yaran da suka bar makaranta. A shekarar da muka fi samun ƙaruwar masu sujada, a ita ce baiko ya fi raguwa idan aka raba da yawan mutane, a ita ce kuma muka fi binne mutane. Na rubuta adadin a rahoto kamar yadda aka saba, aka yi mana tafi a taron asosiyeshan, amma ban iya ɗaga kai ba.

Waɗannan baƙi sun kawo wata tambaya da tsarinmu bai shirya mata ba. Yawancinsu ba su da takardar ƙaura, domin ikkilisiyar da za ta rubuta musu ita ba ta nan, littafinta ma wataƙila ya ƙone. Idan aka bi ƙa'ida sau da ƙafa, za su zauna shekaru ba su da ƙuri'a a wurin da suka fi kowa bukata. Idan kuma aka karɓe su gaba ɗaya bisa shaidar bakinsu, abin da tsarin Baftis ya yarda da shi idan takarda ta gagara, to cikin dare ɗaya za su rinjayi waɗanda suka kafa wurin. Mun yi taro uku a kan wannan kafin aka amince a karɓe su, kuma ba kowa ne ya ji daɗi ba. Ni dai ina tare da waɗanda suka ce a karɓa, domin ikkilisiyar da ta ce iko na membobi ne, sannan ta riƙa taƙaita wanda zai zama memba don ta tsare kujerun tsofaffi, ta riga ta bar abin da ya sa ake kiranta Baftis.

Yanzu kuma mun iso mararrabar da kowace ƙaramar ikkilisiya take isowa idan Allah ya ba ta rai. Mutane sun yi yawan da fasto ba ya iya ziyartar kowa a wata, taron ikkilisiya ya fara zama wurin da kwamiti yake karanta abin da ya riga ya yanke jama'a su ce amin, kuma tsohuwa irin mai ƙosai da wuya ta sake samun ƙarfin halin ɗaga hannu a gaban fuskokin da ba ta sani ba. Hanyoyi biyu ne a gabanmu. Ko dai a rushe bangon baya a faɗaɗa gini, a ɗauki mataimakin fasto, a zama babbar majami'a mai sassa da ofis, ko kuma a sallami iyalan da suke zuwa daga hayin rafi su fara tasu tashar, mu zama uwa kamar yadda aka zama mana. Masu son gini suna da hujja mai ƙarfi, domin rabuwa za ta rage baiko a lokacin da ake cikin matsi, kuma tashar da ke bakin daji tana bukatar masu gadi. Ni na fi karkata ga haihuwa, da sharaɗin kada a yaye tashar da wuri, a riƙe albashin mai bishararta har sai ta yi ƙwari. An kawo maganar a taron da ya wuce, aka yi ta muhawara har yara suka fara kukan yunwa, sai shugaban dikinoni ya nemi a ɗage ta zuwa bayan bikin godiya na kaka, lokacin da za a san abin da ke asusu. Iyalan hayin rafi dai ba su jira ba, tun watan jiya suka fara addu'ar yamma ranar Laraba a falon ɗaya daga cikinsu.